Ruwan da Ba a Sirka Ba

Duk wanda ya zauna a layin su Malam Ɗan'azumi a unguwar Levenshulme ta Manchester ya san shi da buta. In sanyi ya shigo, gari bai gama wayewa ba za ka gan shi ya fito, hular sanyi a kan hularsa ta gida, doguwar kwat a kan jallabiya, koriyar butar roba a hannu. Sai ya tsaya gaban tsohuwar motarsa kamar wanda ya zo gaishe ta. Ya yaye bargon da ya rufa wa gilashin gaba tun jiya, ya kakkaɓe, ya ninke. Ya cire safar hannun dama, ya ɗiga ruwan butar a bayan hannunsa. In ya ji shi ɗumi-ɗumi, irin wanda ake yi wa jariri wanka da shi, sai ya fara tsiyayawa daga sama, a hankali, yana bi da tsumma kafin ruwan ya sake daskarewa.

Hitar motar ta mutu ne a shekarar da hukumar gari ta rufe gidan da tsofaffin unguwa ke zuwa su wuni. Shi ne direban bas ɗinsu, shekara da shekaru. Da aka rufe gidan, bas ta tafi, aiki ya tafi, ya koma kai wa wani shago a Stockport Road kaya da motarsa, buhun shinkafa ne, jarkar manja ce. Hita kuwa, bana a gyara, baɗi a gyara. Ya saba. Yana ɗora jakar ruwan zafi a gindin gilashi ta ciki, ya ɗan sauke taga don kada numfashinsa ya rufe masa hanya, ya yi tuƙinsa hanci na yoyo.

Matarsa Kubura ita ke sirka ruwan. Da asuba ta tafasa, ta zuba rabin buta, ta cika da na famfo. Ya yi alwala da rabi, sauran na mota ne.

"Ni da motar nan butarmu ɗaya," in ji shi. "Sallah ce kawai ba ta yi."

Ɗaliban da ke zuwa daga gida, in sun sayi motarsu ta farko, wurinsa ake turo su. Abu ɗaya yake nanata musu: kada wanda ya kuskura ya zuba tafasasshen ruwa a kan gilashin da ya kwana a ƙanƙara. "Gilashi ba ya son a firgita shi. Lallaɓa shi ake yi."

Mutumin Bichi ne. Ya zo karatun aikin lantarki tun yana saurayi, gwamnatin jiha ta turo su, ta kuma manta da su a tsakiyar hanya. Karatu bai ƙare ba, komawa gida hannu rabbana kuma ta yi masa nauyi, sai ya kama sitiyari. A wancan zamanin ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Moss Side shi da wani Bazazzagi mai suna Uba, wanda ke karatun akanta. To, Bakano da Bazazzagi a ɗaki ɗaya, ai ka san ba a zama shiru. Uba bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Bakano. Shi kuma ya ce masa bawana.

A wannan gidan ne wani dattijo, Malam Halliru, ya rasu a ɗakin sama. Bahaushe ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ba mata ba ɗa. Aka nemi wanda zai yi masa wanka a cikin nasa, ba kowa sai samarin nan biyu, waɗanda ko gawa ba su taɓa taɓawa ba. Limamin masallacin unguwa ya tsaya a kansu yana nuna musu. Da aka zo wankan ƙarshe, Uba ya tambaya ko akwai magarya. A gida da garin ganyen magarya ake wanke mamaci, haka ya ga an yi wa kakansa. Liman ya ce a nan sabulu ake samu, sabulu ma ya isa.

A hanyar komawa daga maƙabarta, da suka kusa gida, Uba ya kira shi.

"Bakano."

"Na'am."

"Ni ban yarda a wanke ni da sabulun wanke kwano ba."

"Ba na wanke kwano ba ne. Kuma kai ko da toka aka wanke ka an yi maka gata."

"Da gaske nake. In na riga ka, kai za ka wanke ni. Da magarya. In ka riga ni, ni zan wanke ka."

"Allah Ya sa ka riga ni," in ji Ɗan'azumi, "don in ga ko dauɗar Zazzau tana fita."

Suka yi dariya, amma suka tafa. Mutum na farko da ya tafi gida bayan nan, suka ba shi sallahu. Ya kawo garin magarya, suka raba biyu, kowa ya zuba a gwangwanin madara. Na hannun Ɗan'azumi na Uba ne, na hannun Uba na Ɗan'azumi.

Shekaru suka ja. Uba ya gama karatu, ya samu aiki a Birmingham, ya auro Inno, suka haifi Musbahu. Ɗan'azumi ya auro Kubura, ya zauna a Manchester. Wanda ya yi boko da wanda bai ƙarasa ba, sau da yawa zumunci kan yi sanyi. Nasu bai yi ba. In suka yi waya, kafin a ajiye sai Uba ya ce, "Magaryata tana nan?" Shi kuma ya ce, "Tana nan tana jiran ka, kai ne ka ƙi mutuwa." In garin ya tsufa ƙamshinsa ya tafi, Ɗan'azumi ya zubar, ya sa a kawo sabo. Gwangwanin dai shi ne, har rubutun jikinsa ya goge.

Da ciwo ya kwantar da Uba a babban asibitin nan na Edgbaston a Birmingham, Ɗan'azumi ya yi ta zirga-zirga. Zuwansa na ƙarshe, farkon sanyi ne, ya shiga yana murza hannuwa. Uba ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa, amma bakin nan na nan.

"Har yanzu ba ka gyara heater ɗin nan ba ko?"

"Mota ce, ba ɗakin amarya ba."

"Rowar Kano. Za ka daskare a motorway, a kawo mini kai in wanke, ni da ko tashi ba na iyawa." Ya yi tari, ya huta. "Ka ji, in lokaci ya yi, kada ka dirje ni kamar kana wanke taya."

"A hankali zan bi ka."

"Kuma ruwan ya zama mai ɗumi. Ka san ba na son sanyi."

"Wa ya fi ni sanin ruwa mai ɗumi a ƙasar nan?"

Wata Talata da la'asar Musbahu ya kira. Hausarsa ba ta da ƙarfi, sai ya haɗa da Turanci irin na yaran Birmingham. "Baba, Daddy ya tafi." Washegari da yamma ya sake kira, ya ce takardun izinin binnewa sun fito. Za a yi wanka a masallaci da sassafe, sallah da azahar, a binne kafin duhu. Ɗakin wankan ɗaya ne, kuma lokacin sanyi ne, akwai wasu gawarwakin a layi. In aka wuce lokacin da aka ba su, sai dai a ba na baya.

Kubura ta ce ya tafi a daren, ya kwana can. Ya ce idonsa ba ya gani sosai da dare, ga gilashi na yin gumi, gara ya yi sammako kamar yadda ya saba. Ya sauko da gwangwanin daga saman kabad, ya buɗe, ya shinshina, ya rufe. Ya goge kayansa. A cikin wannan hidimar ya manta bai rufa wa motar bargo ba. Bai taɓa mantawa ba, sai ranar.

Da asuba ya leƙa ta taga. Layin duka ya yi fari, motar kamar an barbaɗa mata sukari. Sai a lokacin ya tuna da bargon. Ya yi alwala da ruwan famfo, bai ma jira na buta ba, ya yi sallah, ya sa kwat, ya sa safar hannu, ya cusa gwangwani a aljihu. A kicin Kubura ta tafasa ruwa, ta zuba rabin buta, sai wayarta ta yi ƙara, 'yan'uwan Inno ne daga gida suna kuka. Ta ajiye butar a bakin famfo, ta koma falo da waya a kunne.

Ya shigo, ya ga buta a inda yake ganin ta kullum, ya ɗauka. Ta cikin safa bai ji komai ba. A waje ruwan na tururi, amma a irin wannan sanyin ko mai ɗumi ma tururi yake. Ya tsaya gaban motar. Hannunsa ma ya ɗaga zai cire safar. Sai ya tuna Uba na kwance yana jira, ya ce a ransa ai ruwan Kubura ne, yaushe ya taɓa canzawa. Ya kwarara.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Dama akwai ɗan tabo a gefe, inda tsakuwa ta taɓa bugawa. Daga nan tsagar ta tashi, ta ratsa gaban direba, ta yi rassa har ɗaya gefen. Ruwan ya gangara cikinta ya daskare.

Kubura ta fito a guje ba mayafi. "Malam! Ban sirka ba! Malam, ban sirka ba!"

Ya ajiye butar. Ya shiga, ya tayar, ya ja har ƙarshen layi. Fitilun motocin da ke tahowa suka watse a cikin tsagar, bai ga hanya ba, bai ga mutum ba. Ya tsaya. Ya dawo da baya a hankali, ya ajiye ta inda ya ɗauke ta.

Ya bi bas zuwa babbar tasha. Jirgin ƙasan da ya samu ya tsaya a tsakiyar gonaki, aka ce ƙanƙara ta kama wani abu a gaba. Yana zaune, hannunsa a aljihu a kan gwangwani, yana kallon tumaki a cikin farin fili. Musbahu ya kira. Ya sake kira. A na uku muryarsa ta karye.

"Baba, sun ce they can't wait. Akwai wani family a waje."

"Wa zai yi?"

"Mutanen masallaci. Da ni. Baba, ban iya ba."

"Za su nuna maka. Ka fara da dama. Ka ce musu ruwan ya zama mai ɗumi." Ya ƙara damƙe gwangwanin. "Kada a dirje shi."

Ko da ya isa, an suturta Uba, an ɗaure likkafani, an rufe akwati. Wurin sai ƙamshin sabulu da kafur. Ya samu sallah, ya samu binnewa, ya zuba ƙasa da hannunsa. Mutane suka ce ai ya samu mai muhimmancin, wanka ya yi, wanda ya yi shi ma Musulmi ne. Ya ce haka ne. Gwangwanin na nan a aljihunsa, yana bugun cinyarsa duk taku.

Da ya shiga yi wa Inno gaisuwa, tana zaune a ƙasa cikin mata. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Malam Ɗan'azumi, bari. Abokinka ya faɗa tun yana asibiti. Ya ce in Bakano bai iso ba kada a ga laifinsa, laifin akwalar motarsa ne."

Wasu matan suka murmusa cikin hawaye. Shi bai iya ba, don ya san ba motar ba ce. Inno ta aika aka ɗauko wani abu a ɗaki, ta tura masa a kan kafet. Gwangwanin madara ne, shi ma rubutunsa ya goge.

"Naka ne. Bara ma ya sa aka sabunta. Ya ce in mayar maka, shi ba zai samu dama ba."

Haka ya koma Manchester da gwangwani biyu, ɗaya a kowane aljihu.

An sa wa motar sabon gilashi. Hitar ma daga baya ya gyara ta, da bazara, lokacin da ba mai bukatarta. Shi da Kubura ba su taɓa tayar da maganar safiyar nan ba. Ita tana ganin ita ce, shi ya san shi ne, don hannunsa ya ɗaga zai cire safar ya fasa. Abin da aka lura kawai, tun daga ranar in ta tafasa ruwa, ko waya za ta fashe ba ta ɗauka sai ta sirka.

Ya je ya ba da sunansa a masallacin unguwa, ya ce in an samu mamacin da ba shi da kowa, a kira shi. Ana kiran sa. Bature da ya musulunta, ɗan Sudan, tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa. Yakan iso tun ba a buɗe ƙofa ba, ya tsaya a waje cikin sanyi yana jira. Ya taɓa ruwan a bayan hannunsa. Ya ɗebi garin magaryar Uba kaɗan ya zuba. A haka gwangwanin farko ya ƙare, bai sa an kawo sabo ba.

Ɗayan yana saman kabad. Kubura ta taɓa tambayar sa, nasa wankan wa zai yi. Ya dubi butar da ke hannunsa, ya ce duk wanda Allah Ya kawo da wuri.