Ranar da Aka Ƙona Tsummokaran Inna

Ko da zan manta da komai na zamanmu a waccan unguwa ta Tasawa, ranar da aka ƙona tsummokaran Inna ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, na yi ta roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya a kan abin, amma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya ɗau zafi.

Inna maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ba ita ta haife ni ba, duk unguwa ne ke kiranta haka. Ita da mijinta mutanen Kona ne da suka daɗe a gari. Mijin nata, Malam, shi ne ladanin masallacin unguwa tun kafin a kawo ni gidan miji, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ba ya iya tashi, ba ya iya riƙe fitsari, wani lokaci har da abin da ya fi fitsari. Ɗansu guda yana can Aljeriya neman abinci, sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Mutane sun san Malam na kwance, amma ba su san iyakar abin ba, don duk wanda ya shiga gaishe shi zai tarar da shi fes cikin farar riga, ɗaki na ƙamshin turaren wuta. Ni kaɗai na sani, saboda ni ke kama mata mu juya shi.

Asirin tsabtar nan kuwa tsumma ne. Ƙunzugun manya da ake saidawa a farmasi ba na talaka ba ne. Inna kan bi shagunan teloli ta roƙi ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keke, ta dawo ta zauna tana tsincewa. Mai santsi ta ware shi gefe, ba ya shan ruwa kuma yana cin fata. Na auduga take nema. Sai ta haɗa da tsofaffin zannuwanta ta ɗinke da hannu, ninki bisa ninki, ta yi ta wankewa har su yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Su take shimfiɗa wa Malam. Kullum ta wanke, ta tafasa, ta shanya. Itacen bedi ya rufe ɗan tsakar gidanta da inuwa, don haka a kan dangar bakin ƙofa take shanyawa, inda rana ke bugawa.

Wata Asabar aka yi shela cewa manyan baƙi za su ratsa ta unguwarmu, kowa ya fito aikin tsabta. Ni har murna na yi, Allah ya sani, don ledoji sun ishe mu, kowace ƙaya da tata. Muka fito da tsintsiyoyinmu. Samari suka zo da manjagara da buruwet, baron tura shara, shugaban komitin unguwa na gabansu, mutumin da suke kira Shef. Usur a wuya, hannu a aljihu. Ban ga ya taɓa ko tsinke ba ranar nan. Suka tara shara a kusurwar layi suka cinna wuta. Can sai idonsa ya faɗa kan dangar Inna.

"Kai! Waɗannan kuma tutocin wace ƙasa ce?"

"Na ƙasar Inna ne, Shef!" in ji wani, aka kwashe da dariya.

Inna ta fito hannunta da danshin wanki. "Ɗana, shanya ce. Da sun sha iska zan kwashe."

"Shanya? Haba Inna! Wannan ai bola ce, ko akuya ba ta kula ta."

"Mai abin na son abinta, ɗana."

"To faɗa mana me kike yi da su. Ga jama'a nan. In da dalili in bar miki."

Jama'a kuwa an taru. Ga dattawan masallaci zaune a kan dakali, ga matan layi, ga yara. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ga leda can ta toshe magudanar ruwa tun bara, ba ka gan ta ba, sai wankin tsohuwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Madam, ke da kika yi lakwal, kika yi boko, ke ce mai goyon bayan ƙazanta? Cuta ce cike da tsummokaran nan. So kike baƙi su ce mahaukata ne a unguwar?"

Wallahi maganar ta riga ta zo bakina. Kalma biyu zan faɗa, kowa ya sunkuyar da kai, a bar mata kayanta. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu, damƙar da ban san tsohuwa na da ƙarfinta ba. Inna ce. Ta matso kunnena ta ce, "Ɗiyata, kama bakinki. Shi ya yi ta kiran mutanen ga salla. Kada su riƙa tuna shi da wannan."

Sa'an nan ta ɗaga kai ta ce da Shef, "Ba na komai da su, ɗana. Tarkacen tsufa ne."

"Kun ji ko? Ku kwashe!"

Da manjagara suka yayumo su, ba wanda ya yarda ya sa hannu. Aikin da ta yi da allura da idon da ba ya gani sosai, aka ja shi cikin ƙasa aka jefa kan ledoji da kashin awaki. Da yake da sauran danshi, wutar ta ƙi ci, sai da aka tsiyayo mai daga wani moto aka zuba. Inna na tsaye tana kallo, ba ta ƙifta ba. Ni ce na yi kukan. Abin da ya fi ƙona mini rai, tokar da sauran ledojin da ba su ci wuta ba, bayan makabarta aka kai su aka zubar, inda baƙi ba za su gani ba. Ashe ba tsabta ake nema ba, ido ake tsoro.

Da la'asar, shimfiɗa ɗaya tak ta rage, wadda ke ƙarƙashin Malam. Da ta jiƙe, na kawo zanena muka ninke masa. Sabo ne, da sauran taurinsa, ba ya shan komai. Na bi gidajen layi ina cewa, "Wadda ke da tsohon zane ta taimaka mini." Allah ya saka wa matan nan da alheri, ba wadda ta tambaye ni na mene ne, wata ma ta katanga ta jefo nata don kada a ga shigarta. Amma ɗinki da wanki har abu ya yi laushi ba aikin yini ɗaya ba ne. Kafin mu haɗa sababbi, fatar kwankwason Malam ta buɗe. Mutumin da ya yi shekaru kwance ba ko ƙurji, sai ga gyambo. Mun kai shi likita, an wanke, an ba da magani, bai rufe ba. In muka juya shi ba ya kuka, sai dai ya runtse ido yana salati, Inna na ce masa, "Sannu Malam, yanzu za a gama."

Kafin a yanke gero ya rasu. Ba na cewa wutar nan ce ta kashe shi, rai na Allah ne, kwana ne ya ƙare. Amma azabar da ya sha a watanninsa na ƙarshe, wannan kam da hannun mutum a ciki, kuma akwai ranar da za a tambaya.

Ranar zaman makoki muna cikin gida da mata, maza na ƙofa, sai na ji muryar Shef ta zaure, ya fi kowa ɗaga murya. "Allah ya jiƙan Malam! Mutum ne mai tsabta. Duk daɗewar da ya yi kwance, ban taɓa shiga ɗakinsa na ji wari ba."

Na yunƙura zan tashi. Na waiga na ga Inna ita ma ta ji. Ta jawo carbinta, ta shafa fuska, ta ce a hankali, "Alhamdu lillahi." Abin da ta saya da tsummokaranta ke nan, kuma ta samu. Na koma na zauna.

Tun daga nan na daina saurin kiran abin wani shara. Talaka ba ya ajiye abu a banza, kuma in aka titsiye shi gaban jama'a ya yi shiru, ba dalili ne ba ya da shi ba, wataƙila dalilin ne ya fi ƙarfin faɗa. Wanda Allah ya ba iko, ko na usur ne, in zai tambayi tsohuwa, ya ja ta gefe ya rage murya. Wani abin da kake turawa da manjagara, da shi ake rufa wa wani asiri.