Kebul Ɗin da Ya Kusa Ba Mu Kunya a Argungu

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Gesse a Birnin Kebbi cikin mota, ni da abokaina biyu da muke sha'awar harkar rediyon oba-oba tare. Wani dattijo, shugaban masunta a Argungu, ya roƙe mu mu saita musu rediyoyin da suka saya su koma tasha ɗaya, don in gulbin Rima ya cika wayar salula ba ta kamawa a ƙetare. 'Yarsa na can da tsohon ciki, ya kwana biyu bai ji labarinta ba.

Daga Zauro na daina hira. Ruwa ya malale fadama har iyakar gani, shinkafa ta leƙo da kanta kore shar, balbelu na bin ta kamar an shanya fararen kaya. Na sha bin hanyar nan, amma ban taɓa ganin ta da wannan kwarjini ba. Abokina da ke kujerar baya kuwa barci ya yi ta yi, sai ƙanshin soyayyen kifi a bakin kasuwa ya tashe shi.

Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata bishiya kusa da gulbi. Na buɗe kwamfuta, na haɗa kebul da rediyo, na danna. Shiru. Na sauya ramin da na soka shi, sai kwamfutar ta ba shi wata lambar ƙofa daban, manhajar saita rediyon kuwa tana can tana lalube a tsohuwar. Na gyara lambar. Manhajar ta fara karanta rediyon, ta kai rabi, ta tsaya. Muka ƙara murya, muka sauya batir, muka kashe muka kunna. Duk a banza. Jama'a sun taru, gumi na bin bayana.

"Ɗana, mi ya hana ta magana?" in ji dattijon.

"Baba, haƙuri kaɗan," na ce, alhali ni kaina ban san amsar ba.

Cikin takaici ɗaya daga cikin abokaina ya danne kan kebul ɗin da babban yatsa, sai karatun ya wuce har ƙarshe. Ashe robar da ke bakinsa ta yi kauri, tana tokare jikin rediyon, tsinkayen ƙarfen kebul ɗin biyu ba sa nutsewa sosai. Muka aro reza muka fere ta. Kafin azahar duk mun gama.

Aka ba wani masunci rediyo ɗaya, ya shiga kwalekwale ya nufi ƙetare wurin 'yar dattijon. Muna kallonsa yana ƙanƙancewa a kan wannan ruwa marar iyaka har ya ɓace. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, amma dattijon ko loma bai kai baki ba.

Can rediyon da ke cinyarsa ya yi ƙara, sai muryar mace tar kamar tana kan tabarmar:

"Baba, ni ce. Na sauka lahiya tun shekaranjiya. Mace ce."

Ya ɗaga rediyon da hannu biyu, ya manta wurin dannawa, yana ta faɗin "Alhamdu lillahi" ba ta jinsa, sai da na danna masa.

Mun iso Birnin Kebbi da la'asar sakaliya, motar na ƙarnin kifin da suka cika mana. Na koyi fara duba bakin kebul kafin in zargi kwamfuta. Kuma duk shekarun da na yi ina wasa da rediyo, sai ranar na ga amfaninsa a fuskar mutum.