Rijiyar Mai Fasa Dutse

Babanmu mai fasa dutse ne a Birnin Kudu. Nakiya ce ta ciyar da mu har muka girma, ita ce kuma ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa hira da shi sai ka ce ana rigima.

Da shekarun tashin bama-bamai suka zo, sai sana'ar ta zama abin kunya. Ba wanda ya faɗa masa magana a ido, amma an rage zama a tabarmarsa. Ya ajiye aiki, ya sa aka haƙa rijiya a Basirka, garin mahaifiyarsa, sadaka gare ta. Ruwa ya fito, sai Baba ya ƙi zuwa a buɗe ta. Wai yana tsoron a ce dukiyar nakiya ce a ƙi sha, Allah kuma ya ƙi karɓa. Aka bar murfi a bakin rijiya, shi kuwa yana ta ramewa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Wata safiya ina yi masa aski, rediyo na ba da labarin wata babbar lambar yabo ta duniya, wadda ake ba masu binciken magani da masu sasanta yaƙi. Aka ce Baturen da ya ƙirƙiro nakiyar fasa dutse shi ya kafa ta. Ya bar wasiyya a riƙa karrama masu amfanar da mutane daga dukiyarsa. Na sunkuya wajen kunnen da ke ji, na maimaita masa da ƙarfi.

Ya ce, "To su masanan, suna karɓa?"

"Baba, har rububi ake yi."

"Ashe shi ma Baturen abin ya dame shi. Ƙarasa askin nan, mu kama mota."

Da muka isa Basirka, sai muka tarar matan unguwa tuni sun ture murfin. Su ba ruwansu da shakkar Baba, ƙishirwa ce ta dame su. Guga na shiga yana fita. Wata mata da ba ta san shi ba ta ga tsoho ya sha hanya, ta miƙa masa moɗa cike.

"Sha, Baba," in ji ta, "ka sa wa mai rijiyar albarka."

Ya karɓa, ya shanye tas, ya ce a ƙaro.