Ranar da Kawu Sale Ya Tsayar da Ni a Bakin Tasha

Unguwar Magajiya, 5:40 na asuba

Ranar Talata ce, cikin daminar 1995. Muna idar da salla na tayar da motar yayana, Bitil. Minna muka nufa, gwajin tuƙi ƙarfe tara. Wani kamfani a Abuja ya ce in na kawo lasin kafin Juma'a, aikin direba nawa ne. Tunda ɗan koyo ba ya hawa titi shi kaɗai, Kawu Sale ya zauna gefena. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ba motoci hannu kafin ya yi ritaya.

"In ka ga ƙirjin mai ba da hannu ko bayansa, tsaya," in ji shi. "In kafaɗarsa ce, jira ya yafuto ka. Maimaita."

Sau huɗu na maimaita kafin mu fita unguwa.

Mahaɗar bakin tasha, 6:05

Nan muka maƙale. Motocin ma'aikatan Abuja sun sarƙe da wata tirela, kowa sai danna hon yake, mai ba da hannu bai iso ba. Kawu ya yi tsaki, ya buɗe ƙofa. "Minti biyu."

Ya shiga tsakiya da jamfarsa, ya ɗaga tafin hannu. Wallahi har tirelar ta ja birki. Wani direban bas ya leƙo, "Baba, wa ya aike ka?" Kawu ya kafe shi da ido, direban ya mai da kansa ciki.

Nan da nan hanya ta warware. Na matso ina murna, sai Kawu ya juya mini baya, ya miƙe hannu gefe. Ni ɗan ƙanwarsa! Sai da ya saki layi uku sannan ya yafuto ni. Na tsallaka, na ajiye mota, na dawo a guje.

"Kawu, Minna fa!"

"Wa zan miƙa wa? Ba a barin mahaɗa babu mai karɓa."

Na durƙusa a tsakiyar titi ina roƙo, idona ya kawo ruwa. Ya ce, "Tashi, kana tare wa 'yan Madalla hanya." Sai bakwai da kwata mai aikin ya iso a keke, muka samu Kawu ya shiga mota.

Lambata, 8:15

Kimanin kilomita arba'in, ba zancen zaman shayi. Ƙosai na naira goma muka karɓa ta taga. Gaba kaɗan, a shinge, ɗan sanda ya riƙa kaɗa hannu sama da ƙasa.

"Kawu, wannan fa?"

"Rage gudu ne. Amma tsaya, da bindiga a kafaɗarsa."

Ya duba takardu, ya ɗauki ƙosai biyu, ya sallame mu.

Minna, 9:50

Jami'in gwaji har ya rufe fayil. Na yi ta ba shi haƙuri. Ya ce zai gwada ni da alamun ba da hannu huɗu, in na kuskure ɗaya sai wata mai zuwa. Na farko da na biyu na faɗa daidai. Yana cikin na uku sai muryar Kawu daga bayana:

"Ranka ya daɗe, ɗaga gwiwar hannun. Haka ba wanda zai tsaya maka."

Jami'in ya dubi Kawu, ya dubi hannunsa, ya ɗaga gwiwar.

"Ma'anarsa tsaya, ga motocin gaba da na baya!" na ce.

Ya fashe da dariya, ya yafe na huɗun, ya ce in kawo mota. Na zagaya da shi, na yi ribas, ya sa hannu a takarda.

Magajiya, 4:30 na yamma

Mun iso lafiya bayan la'asar. Inna Hajara, matar Kawu, ta kawo tuwo, sai ga shi hannunsa ya ƙi kaiwa baki, kafaɗa ta riƙe. Ta ɗauko man zafi tana faɗa, ni kuwa na ɗauko cokali.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Sale, wanda ranar nan ni na ba shi tuwo a baki, yana ci yana cewa lomar ta yi girma.