Malam Habu, wanda ya raba mini “na iso” da “zan iso”

Da safiyar nan ina zaune cikin mota a Anacha, ƙanena ya kira ni daga Daura. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Yaya, Malam Habu fa ya rasu bayan asuba.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin Turanci ne. Ya daɗe yana koyarwa a Baure da Mai'adua kafin ya yi ritaya. Gidansa na kallon namu, can wajen Kusugu. Ni ban taɓa zama ajinsa ba. Direban babbar mota ne ni, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya.

Wani kuskure ne ya haɗa mu. Manajar kamfanin da nake wa tuƙi 'yar Kudu ce, ba ta jin Hausa, da saƙon tes na waya muke magana. Wata rana na ɗauko wake daga Mai'adua zan kai Kudu, da yamma ina Zariya na rubuta mata, “I arrived 4 o'clock.” Nufina zan iso ƙarfe huɗu na gobe. Ita kuwa ta ɗauka na riga na iso. Ta tara masu sauke kaya, ta kira mai waken, suka je ba mota ba alamarta. Ta ce ƙarya na yi mata, wa ya san inda na karkata da kaya. In na dawo in ajiye makulli.

Kwana uku ina zaune a ƙofar gida, na kasa gaya wa iyalina. Malam ya tsallako ya ce, “Sanusi, lafiya mota ta bar ka?”

Na miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau, ya karanta. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, “Kai ba ka yi ƙarya ba. Harafin nan da ka liƙa a wutsiyar kalmar, shi ya yi ƙarya da sunanka.”

Ya rubuta takardar bayani, ya sa na kwafe da hannuna har sau biyu. Takardar nan ita ta dawo mini da aikina.

Daga nan duk na dawo gari sai zaurensa. A bayan tsohuwar kalanda ya rubuta mini: in kana hanya, “I will arrive.” In ka iso yanzu, ƙafarka na wurin, “I have arrived.” In ka ambaci jiya ko ƙarfe kaza da ya wuce, “I arrived.” Nakan haɗa “have” da “yesterday,” sai ya buga tabarma ya ce, “Waɗannan biyun ba sa shiga mota ɗaya!”

Ya kafa mini doka, duk garin da na sauka in turo masa tes da Turanci. Wani lokaci ya amsa da “Daidai.” Wani lokaci ya dawo mini da gyara, har da na aya.

Shekara huɗu muna haka.

Bara na ce, “Malam, ai na daina kuskure, har yanzu jarrabawa nake?” Ya ce, “Jarrabawa ta ƙare tuni. Ni ma ina so wayata ta riƙa ƙara.” Matarsa ta rasu, 'ya'yan duk aiki ya kai su nesa. Ni kuma a hanya ba mai jiran ya ji na sauka lafiya kamar shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa in yi masa sallama. Ya rame, ƙafarsa ta kumbura, amma ya tashi zaune. Ya ce yaushe zan isa. Na ce, “I will have arrived by Monday.” Wannan jimlar ya yi wata biyu yana fama da ni a kanta. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “To, ka sauke!”

Ya ce in zauna mu sha fura. Na ce ana jirana wurin lodi, sai na dawo.

Ranar Litinin na tura masa tes, shiru. Na ce wataƙila ba caji. Ban kira ba. Wallahi wannan shi ke cin raina.

Yanzu haka an tafi kai shi makwancinsa. Masu sauke kaya sun ce sai jibi. A garejin nan ba wanda ya san shi, ba wanda zan yi wa ta'aziyya, ba mai yi mini.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Habu, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, kada ka bar shi cikin kewa. Ka sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana, ka ba 'ya'yansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa addu'a. Mutanen Daura kuma, wanda zai je gidan yau ya zauna a madadina, kafin Allah ya kawo ni.