Wankan Jegon da Aka Kai Inkil

Tun cikin 'yata yana ƙarami na sayi garwar wanka, na tara itace a bayan ɗakina a Gwallaga. Haihuwar fari a gaban uwa ake wankanta, kowa ya sani. Sai ciwon dajin nono ya riga jikan isowa.

Likita ta haɗa mini magunguna biyu a ruwan da ake ƙara mini. Ta ce haɗin ya fi kama ciwon, amma kowannensu yana danne ɓargo, inda jiki yake yin jini, bare kuma sun taru. Gwaji ya nuna ƙwayoyin jinin da ke kare ni daga cuta sun yi ƙasa sosai. "Hajiya, mura ma tana iya kwantar da ke," in ji ta. "Ban da shiga taro."

Maigidana da ya ji an ambaci ɓargo, sai ya dinga jido ƙashin saniya daga wurin mahauta, ana dafawa ina tsotsa har na tsani warinsa. Likita ta yi dariya, ta ce ba ta nan yake shiga ba.

Gidan jego kuwa ba a hana 'yan barka shiga. Haka da haihuwa ta zo aka kwashi 'yata da jaririnta zuwa Inkil, wurin ƙanwata. Garwata ma aka ɗora ta a keke ta bi su.

Ban taya ƙanwata murna ba, kishi ne ya ci ni. Yarinyar da ni na koya mata hura wuta, wai ita ce mai dama kunun kanwa! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kullum sai ta kira: "Yaya, cibiya ta faɗi," "Yaya, yau ya yi murmushi." In ce madalla, in kife wayar ina tsaki.

Bayan arba'in jinina ya ɗan farfaɗo, 'yata da ƙanwata suka zo da jaririn. Na wanke hannu, na sa takunkumi, na karɓe shi. Ya dube ni, ya tsala ihu. Na jijjiga shi, na kira shi angona, ina! Ƙanwata ta ce, "Kawo shi, Yaya, bai saba ba ne." Tana saɓa shi a kafaɗa ya yi tsit.

Na ce bari in duba girki. Ban ɗora komai a wuta ba.