Guɗar da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Sanyin Madina ba ya sallama, shigowa kawai yake yi. A irin waɗannan kwanaki kakata takan hau soron gidanmu na haya a unguwar Sultana bayan magariba, ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Mu da aka haifa a nan Sitti muke ce mata, ita kuwa sai ta harare mu ta ce, "Sittin uban wa? Iya nake." Da Hausa take ba mu labari, mu amsa mata da Larabci, ta yi tsaki ta ci gaba.

Iya ungozoma ce. Rabin 'ya'yan Hausawan unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, har da ni. Sai dai ranar da ta karɓe ni, ranar ta rasa 'yarta, wato mahaifiyata. Ba a maganar a gida. Ni ma ban san yadda abin ya faru ba, sai da muka yi faɗa da ɗan kawuna a kan dabino, ya dube ni ya ce, "Ke da kika kashe uwarki!" Maganar ta zauna mini daram. Na daina cin abinci sosai, na daina hawa soro, don ina jin kunyar haɗa ido da matar da na kashe wa 'ya.

Wata rana da yamma ta aiko a kira ni. Na zauna can nesa da kasko. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Yau Gizo ya huta. Wannan da gaske aka yi, ku buɗe kunne."

Ta ce wata baƙuwa daga ƙasar Meksiko, wadda mijinta ya zo karatu Madina, ita ta ba ta labarin da guntun Larabcinta bayan Iya ta karɓi haihuwarta. Kakannin matar na can da, Aztek ake kiransu. Ba su san Allah ba, rana suke bauta wa, a nan Iya ta yi a'uziyya ta tofar. Amma suna da tsari. In aka haifi namiji, sai a ɗora masa 'yar garkuwa da 'yan kibau a hannu, a ba mayaƙa cibiyarsa su binne a fagen fama. In mace ce, a ba ta ɗan mazari da 'yar tsintsiya, a binne cibiyarta a gindin murhu, ungozoma ta ce mata nan ne wurinki.

Ɗan kawun nan nawa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kun ji ko? Mu yaƙi, ku tsintsiya."

"Uskut, rufe mana baki, ɗan nema," in ji Iya. "Kai da kyankyaso ke kora daga banɗaki."

Sai ta sassauta murya. Ta ce a wurin mutanen nan naƙuda ma yaƙi ce. Mace in ta durƙusa, ta shiga fage ke nan, jaririn kuma shi ne fursunan yaƙin da ta kamo. Da ya faɗo, ungozoma takan kurma ihun mayaƙa don gari ya san an yi nasara. Wadda ta mutu a durƙushe kuwa, daraja ɗaya suke ba ta da jarumin da ya faɗi a fagen fama. Suna cewa mazan da suka mutu a yaƙi ne ke rako rana daga gabas zuwa tsaka, daga nan waɗannan mata su karɓe ta su kai ta mafaɗa.

"Batun rana shirme ne," in ji ta. "Amma ko makaho yakan laluba ya taɓa gaskiya. Ai mu ma an faɗa mana wadda ta rasu a haihuwa shahida ce. Kawunku yana kwasar ku maza zuwa Badr ku yi wa shahidai sallama. To, ni a ɗakina na ga tawa."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Matso nan, ya binti. Wanda aka kamo a yaƙi, shi ya kashe jarumi? Uwarki ce ta shiga ta kamo ki, ta miƙo mini ke da hannunta. Da na ga kin yi kuka na toshe hanci na fara guɗa. Ina tsakiyarta na waiwaya na ga jinin, guɗar ta tsaya mini a wuya. Tun ranar ban sake yi wa kowa ba."

Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Ta bar ni har na gaji, sannan ta tsoma burodi a shayi ta sa mini a baki. Na ci.

Da na girma na karanta labarin mutanen nan, na ga Iya ba ta ƙara gishiri ba. Na kuma ga abin da ta tsallake saboda mu yara ne: yarinyar da aka danƙa wa mazari ba a tambaye ta ba, yaron da aka binne wa cibiya a fagen fama an riga an yi masa alkawarin mutuwa tun bai buɗe ido ba. Sun raba wa kowa wurinsa tun daga zanen goyo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da suka zo auna jinin da aka zubar, ba su ce na mace ya fi sauƙi ba.

Duk da haka, da na ɗauki cikin fari tsoro ya kama ni ƙwarai. A zuciyata na gama yarda cewa hanyar mahaifiyata zan bi. A wani asibiti a unguwar Aƙiƙ na haihu, da la'asar sakaliya. Iya ta tsufa tukuf a lokacin, ba ta iya tafiya, amma ta rantse sai an kawo ta. Aka turo ta a keken marasa lafiya aka ajiye a bakin ƙofa.

Na ji kukan 'yata. A waje kuwa shiru. Daga baya mijina ya gaya mini cewa da aka yi wa Iya albishir ba ta ko motsa ba, sai ta riƙe hannun ma'aikaciyar da ta kawo albishir ɗin ta ce, "Uwar fa? Jinin ya tsaya?" Sai da aka tabbatar mata har sau biyu.

Sannan na jiyo guɗar Iya. Murya ce ta tsohuwa, tana rawa, tana sarƙewa, ma'aikata na cewa Hajja a yi haƙuri, nan asibiti ne. Ba ta saurare su ba, ta ja ta har ƙarshe. Da aka turo ta gefen gadona, ta shafa goshina da busasshen hannunta.

"Wannan ba ta jaririya ba ce," ta ce. "Taki ce, wadda na fara. Yau na ƙarasa."